Eyam, Ƙauyen da Ya Kulle Kansa

Ɗan ƙanwata da ke karatu a Sheffield ne ya dage cewa ba zan bar Ingila ban ga karkara ba. "Kawu, Landan da kuka gani ai ba ita ce ƙasar ba," in ji shi. "Ku bari in kai ku inda manoma da tumaki suke." Ya zaɓi Eyam, wani ɗan ƙauye a gundumar Derbyshire, cikin tuddan da ake kira Peak District, wanda mutanensa ba su wuce dubu ɗaya ba. Sai da muka hau bas ya gaya mini abin da ya sa aka san garin: annobar ɗa'un ta faɗa masa a 1665, mutanensa kuma suka yanke wa kansu hukuncin cewa babu mai fita har sai ta wuce.

Tafiyar ba ta cin awa guda. Da an bar gidajen bayan gari sai hanya ta hau tudu, a faɗa wani fili fetal, babu gona babu inuwa, sai gajeriyar ciyawa mai furanni launin shunayya da iska mai sanyi. Daga nan a gangara kwarin kogin Derwent, a wuce Grindleford, a sake hawa. Duk inda ido ya kai katangun duwatsu ne suka yanka ƙasa gida-gida, an jera dutse bisa dutse babu siminti babu laka, wasu sun fi shekara ɗari biyu a tsaye. Tumaki na kiwo a ciki ba tare da makiyayi ba, kowace da fentin mai ita a gadon baya.

Eyam doguwar unguwa ce mai babban titi ɗaya, kwance a gindin tudu, gidajenta duk na dutse. Gari ne mai rai: akwai makarantar firamare, da kanti, da shagunan shayi, da motoci a ƙofar gidaje. A bakin titi muka ga komaye na dutse da ruwa ke zuba a cikinsu har yau. Tun 1588 mutanen garin suka janyo ruwan maɓuɓɓugan tudu zuwa waɗannan komaye domin mutum da dabba su sha, abin da ya sa ake lissafa Eyam cikin garuruwan Ingila da suka fara yi wa jama'a tsarin ruwa. A wani ɗan fili kuma turu yana nan, inda ake maƙale ƙafafun mai ƙaramin laifi a bar shi a idon jama'a. Yana fuskantar babban gidan garin, Eyam Hall, wanda iyalan Wright suka gina 'yan shekaru kaɗan bayan annobar. Sana'ar kakannin mutanen nan haƙar dalma ce, wadda ake yi a wannan yanki tun zamanin Rumawa. Magidanci yakan wuni a rami, ya haɗa da 'yar gona da 'yan dabbobi, kuma mahaƙan suna da kotunsu ta kansu da ke raba rigimar ramuka. Talakawa ne masu cin guminsu, kuma ya kamata a riƙe wannan kafin a shiga labarin.

Dab da coci akwai jerin ƙananan gidaje masu furanni a ƙofa da labule a taga. Mutane na zaune a cikinsu. A gaban kowanne an kafa koren allo mai ɗauke da sunayen waɗanda suka mutu a gidan, da ranar mutuwar, wasu har da shekarunsu. A na tsakiya wata mata ce ta zauna, Mary Hadfield, da mijinta na biyu, Alexander Hadfield, tela, da 'ya'yanta na auren fari, da mai taya telan aiki, George Viccars. Shi ne na farko, 7 ga Satumba 1665. Ɗanta Edward, mai shekara 4, ya bi shi ran 22 ga watan. Yayansa ya bi, mijin kuma ya rasu a Agustan shekara mai zuwa. Allon ya ce Mary ta tsira, amma ta rasa dangi 13. A gidan da ke gefe ɗaya iyalan Thorpe ne, su 9, babu wanda ya rage. A ɗaya gefen Jane Hawksworth ce kaɗai ta rayu a gidanta, bayan ta rasa mutum 25 cikin danginta da na mijinta. Muka bi allunan ɗaya bayan ɗaya muna karantawa, kuma haka suke har ƙarshen gari, jefi-jefi a jikin gidaje. Wannan ɗabi'a ta burge ni ƙwarai. Mamatan nan ba sarakuna ba ne, ba malamai ba ne, mahaƙa ne da masaƙa da jarirai, amma bayan fiye da shekara 350 duk mai wucewa yana iya kiran kowannensu da sunansa.

Yadda cutar ta zo kuwa, a wannan shekara Landan na cikin babbar annoba, wadda ta kashe kimanin mutum 100,000, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na mazauna birnin. Daga can aka aiko wa telan Eyam ƙunshin yadi. Viccars ya kwance shi ya tarar ya yi danshi, sai ya shanya a gaban murhu. Ana kyautata zaton ƙuma masu ɗauke da cutar suna cikin yadin, ɗumin wuta ya tashe su. Cikin 'yan kwanaki ya rasu. Cutar takan fara da zazzaɓi mai zafi, sai kaluluwa ta kumbura a hammata ko wuya ko matsematsi, baƙaƙen tabo su fito a fata. Mutum 6 suka mutu a Satumba, 23 a Oktoba. Da sanyi ya shigo abin ya lafa, har a watan Mayu na 1666 mutane suka fara tsammanin an rabu da ita. Zafi na dawowa ta tashi fiye da da. Babu wanda ya san da ƙwayar cuta a lokacin, sai a 1894 aka gano ta a Hong Kong. Abin da suka sani shi ne gurɓatacciyar iska da fushin Ubangiji, maganinsu kuwa ganyaye da hayaƙi da addu'a.

Cocin garin, na Saint Lawrence, ya girmi annobar da ɗaruruwan shekaru. A harabarsa akwai wani gicciyen dutse mai sassaƙa da ya haura shekara dubu, tun zamanin Anglo-Saxon, wato mutanen Ingila na da. A jikin bangon kudu kuma akwai agogon inuwa na 1775, wanda bayan sa'o'i aka zana masa sunayen biranen nesa domin a san lokacin da rana take tsaka a can. Yaron ne ya hango Makka a cikinsu ya nuna mini. A ciki muka sami wata dattijuwa mai aikin sa kai tana karɓar baƙi. Ta kai mu gaban littafin da aka kwafe sunayen mamatan daga rajistar coci, wata bayan wata. Shafukan farko gajeru ne. Da aka zo Yuli sunaye suka haura 50, a Agusta suka haura 70, kuma sunan gida ɗaya sai ya maimaitu sau biyar ko shida a jere. Ta nuna mana kujerar limamin cocin na wancan lokaci, da wata taga ta gilashi mai launi da aka saka a 1985, wadda ta zana labarin tun daga shanya yadi.

Limamin shi ne William Mompesson. Matashi ne da bai kai shekara 30 ba, kuma baƙo, domin a 1664 aka turo shi. Mutanen gari ba su sake da shi ba, kuma akwai dalili. Ingila ta fito daga yaƙin basasa wanda addini ke cikin musabbabansa, an fille kan Sarki Charles na Ɗaya a 1649, sannan sarauta ta dawo a 1660. Dokar 1662 ta tilasta wa kowane limami bin littafin addu'a na cocin gwamnati, limamai wajen 2,000 suka ƙi, aka kore su. Tsohon limamin Eyam, Thomas Stanley, yana cikin waɗanda wannan juyi ya raba da muƙaminsu. Amma ya zauna a garin, kuma zukatan mutane da yawa suna wurinsa. Ga mai kujera ba shi da jama'a, ga mai jama'a an ƙwace masa kujera, aƙidarsu kuma ta saɓa. Da Mompesson ya ga mutane na shirin watsewa, sai ya nemi Stanley. A ganina wannan ne wurin da labarin ya juya. Da sabon limami shi kaɗai ya tsaya ya ce kada kowa ya fita, da wuya a saurare shi, kuma da Stanley ya ga dama da ya naɗe hannu ya bar wanda ya gaje shi ya kunyata. Duk wanda ya san yadda saɓanin malamai ke raba unguwa biyu, har a ƙi bin juna salla, ya san girman abin da mutanen nan biyu suka haɗiye.

A watan Yuni na 1666 suka tara jama'a aka amince da abu uku. Kowane gida zai binne mamacinsa da kansa, nan take, a gona ko bayan gida, ba a maƙabartar coci ba. Za a rufe coci a koma yin ibada a fili, kowane iyali nesa da wani. Na uku shi ne mai nauyi: an shata iyaka kewaye da gari, babu shiga babu fita. Muna tsaye a harabar cocin yaron ya juyo ya ce, "Kawu, ai wannan shi ne hadisin da kuka karantar da mu muna yara." Na ce shi ne, ɗana. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce idan kun ji labarin annoba a wata ƙasa kada ku shige ta, idan kuma ta auku a ƙasar da kuke ciki kada ku fita don guje mata. Da shi Sayyidina Umar ya yi aiki lokacin annobar Amwas, wajen shekara ta 18 bayan Hijira, ya juya daga hanyar Sham, ya ce ana gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Abu Ubaida da Mu'azu ɗan Jabal suna cikin ƙasar, ba su fita ba, a can suka cika. Mutanen Eyam Kiristoci ne, daga nasu littafin da nasu hankalin suka yanke shawara, amma sun tsaya daidai inda hadisin ya tsaya. Mu mun haddace lafazinsa tun muna ƙanana. A wannan ƙauye ne na ga abin da aiki da shi yake ci a gida ɗaya ɗaya.

Kabarin matar limamin, Catherine Mompesson, yana kusa da tsohon gicciyen. Kafin a rufe gari sun tura 'ya'yansu biyu wurin dangi a Yorkshire, mijin ya roƙe ta ta bi su, ta ƙi. Ta zauna tana bin sa gidajen marasa lafiya duk da ita ma ba ƙarfi gare ta ba, ta rasu a ƙarshen Agusta tana da shekara 27. Bayan 'yan kwanaki ya rubuta wa ubangidansa, Sir George Savile, wasiƙar ban kwana, domin ya ɗauka shi ne na gaba. Har yau a Lahadin ƙarshe ta Agusta ana ɗora jajayen furanni a kan kabarinta. Ta cancanci haka. Amma na lura cewa ita a harabar coci aka sa ta, ƙarƙashin ginannen dutse mai rubutu, a watan da sauran mutane ke tona wa 'ya'yansu rami a bayan ɗaki.

Wurin ibadar fili, Cucklet Delf, wani kwari ne mai ciyawa a kudancin gari, da wani dutse mai kafa a tsakiya wanda limami ke tsayawa a kai. Gangaren ya isa kowane gida ya tsaya shi kaɗai kuma ya ji murya. A nan ake taron tunawa kowace shekara, al'adar da ta faro tun cikar shekara 200 da annobar, a 1866. A nan kuma aka ajiye labarin da matasa suka fi so. Wata budurwa, Emmott Sydall, an yi mata baiko da Rowland Torre na ƙauyen Stoney Middleton da ke maƙwabtaka. Cutar ta cinye mahaifinta da 'yan'uwanta tun a watannin farko. Ana cewa sukan zo kwarin nan, ita a wannan gefe shi a wancan, su ga juna daga nesa. A ƙarshen Afrilu ta daina zuwa. Ya ci gaba da sa rai har aka buɗe gari, ya shigo cikin na farko, aka gaya masa. Zancen haɗuwar tasu daga bakin kakanni aka samo shi, amma sunanta yana cikin rajista a watan Afrilu na 1666.

Daga dandalin gari muka bi wani siririn lungu mai suna Lydgate. A gefensa, cikin wani ɗan shinge tsakanin gidaje, akwai kaburbura biyu, George Darby da 'yarsa Mary. Lungun ya ƙare a gonaki, muka bi turba ta cikin tumaki har muka iso wani dutse da bai wuce gwiwa ba, shi kaɗai a fili. Shi ne dutsen iyaka. A samansa an huda ramuka shida kamar gurabun dara. A cikinsu mutanen Eyam ke zuba ruwan khal, wani ruwa mai tsami, su jefa kuɗi, da fatan tsamin zai kashe cutar. Mutanen Stoney Middleton su hauro da burodi da nama da sauran kayan masarufi su ajiye, su kwashi kuɗin su koma, sannan na ciki su matso su ɗauka. Akwai irin wannan wuri a arewacin gari, wata rijiya da yanzu ake kira da sunan Mompesson, inda ake barin kuɗi a cikin ruwa mai gudu. Mun tarar baƙi sun saka 'yan sulalla a ramukan. Daga dutsen gangara ce kawai zuwa Stoney Middleton, tafiyar 'yan mintoci. Babu katanga, babu soja, babu ɗan doka. Uba mai lafiyayyun 'ya'ya yana iya saɓa su da dare ya wuce, kuma mafi yawansu ba su yi ba.

A nan na fahimci cewa kullen bai tsaya da alkawari kaɗai ba. Mompesson ya rubuta wa babban basaraken yankin, Earl na Devonshire, wanda fadarsa ta Chatsworth ke 'yan mil kaɗan daga nan, shi kuma ya ɗauki nauyin aiko da abinci da magani muddin mutane za su zauna. Cuɗe ni in cuɗe ka ne, domin zaman nasu shi ne kariyar fadarsa da kasuwar Bakewell, kuma ban ga aibin hakan ba. Abin da ya dame ni shi ne tunawa da kullen korona na 2020 a garuruwanmu. An ce kowa ya zauna a gida, kuma an kawo wannan hadisi a wa'azi da rediyo. Amma mai dako da mai shayi da ɗan adaidaita sahu, wanda sai ya fita da safe ake ɗora tukunya da yamma, da me zai zauna? Da yawa sun fita, aka ce ba su da biyayya. Mahaƙan dalma na Eyam ba su fi su haƙuri ba. An kai musu abinci bakin iyaka wata bayan wata, shi ya sa suka iya cika maganarsu.

Wuri na ƙarshe da muka nufa yana gabas da gari, kimanin rabin mil, hawa ne ta cikin bishiyoyi sannan a fita wata makiyaya a gefen tudu. Can tsakiyar fili aka kewaye wani ɗan wuri da gajeriyar katanga. Ana kiransa kaburburan Riley. Duwatsu shida ne a tsaye da kabari ɗaya ginanne. Gidaje biyu ne a wannan tudu a 1666, na Talbot da na Hancock, nesa da cunkoson gari, inda mutum zai zaci cutar ba za ta kai ba. A Yuli ta kusa share gidan Talbot. Ran 3 ga Agusta Elizabeth Hancock ta binne 'ya'yanta biyu, John da Elizabeth. Ran 7 ga wata ta binne mijinta John da wasu biyu, Oner da William. Ran 9 Alice. Ran 10 Ann. Miji da 'ya'ya shida cikin kwana takwas.

Ita ta haƙa, ita ta jawo gawa daga ɗaki zuwa rami, ita ta mayar da ƙasa. Ana cewa mutanen Stoney Middleton suna hango ta daga tudun da ke fuskantar nata, suna ƙirga fitowarta, babu mai ikon zuwa. Na tsaya ina auna abin da mizanin gida. A wurinmu mace ko maƙabarta ba ta rakiya. Da an yi rasuwa maƙwabta sun cika gida, wasu na wanka, wasu na ɗinkin likkafani, samari sun tafi haƙa, a yi salla a ɗauki makara ana karɓa-karɓa, a zauna makoki ana shigo da abinci, kowa na cewa Allah ya ba da haƙuri. Rabin nauyin mutuwa jama'a ne ke ɗauke wa mai ita. Yarjejeniyar Eyam wannan ta cire. Abin da aka nema daga matar nan ya wuce zama a gida. An nemi ta yi jinya ita kaɗai, ta rufe idon kowanne ita kaɗai, ta koma ɗaki ta tarar da na gaba ya fara zazzaɓi. Yaron da ya wuni yana yi mini bayani, a nan bakinsa ya mutu. Can ya ce, "Kawu, ina ta tafi bayan haka?" Abin da ake faɗa shi ne ta bar tudun ta koma Sheffield wurin ɗa guda da ya rage, wanda yake koyon sana'a a can.

Gidajen da babu mai sauran ƙarfin haƙa kuwa, wani mahaƙin dalma ne, Marshall Howe, yake yi musu. Ya kamu tun farko ya warke, ya tabbata ba za ta sake kama shi ba. Yakan ɗaura wa gawa igiya ya ja ta zuwa rami, ladansa kuma ya ɗebi abin da ya ga dama cikin kayan gidan. Ana ba da labarinsa da ƙyama-ƙyama, amma aikin da ya yi babu wani mai yi. Matarsa da ɗansa sun mutu a Agusta, shi ya binne su.

Da muka dawo gari muka shiga gidan tarihin Eyam, wanda aka ɗora wa siffar ɓera a kan rufi tana juyawa da iska. Ƙarami ne, ana gama shi da wuri, amma ya sa mutum ya sake duba labarin da idon basira. Mutum 260 ake cewa sun mutu, daga gidaje 76, cikin wata 14. Tsofaffin marubuta sun ce mutanen garin 350 ne, masu bincike na baya da suka bi rajista da takardun haraji suka ce sun kai 700 zuwa 800. Ko da wanne aka ɗauka, kason da ya mutu ya fi na Landan. Yawancin labaran da ake bayarwa sai a ƙarni na 19 aka rubuta su, musamman ta hannun wani ɗan garin, William Wood, a 1842, lokacin da babu sauran wanda ya ga abin da idonsa. Kuma masu hali da dama sun fice tun kafin a shata iyaka. Wani bincike da masana na Imperial College da ke Landan suka wallafa a 2016 ya nuna cewa kashi uku cikin huɗu na kamuwar daga mutum zuwa mutum ne, kashi ɗaya ne daga ɓeraye, haɗarin ya fi yawa a cikin gida ɗaya, kuma yara da matalauta ne suka fi kamuwa.

Saboda haka akwai masu cewa kullen ya ƙara yawan mamata a cikin gari, tunda ya tsare masu lafiya tare da marasa lafiya a ƙananan ɗakuna. Ina ganin suna da gaskiya. Amma binciken nan kansa yana nuna ɗaya fuskar: idan mutum ne ke ɗaukar cutar, to ɗaruruwan mutane da za su watsu zuwa gidajen dangi da kasuwanni da ita za su tafi. Sheffield ba ta kamu ba, Bakewell ba ta kamu ba. Ni dai na yarda sun yi daidai. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a tattara yabon a kan limami ɗaya, har rijiya da kujera su ɗauki sunansa, alhali shi ya sami damar fitar da 'ya'yansa, Elizabeth Hancock ba ta samu ba. Stanley ma sai daga baya aka kafa masa dutsen tunawa a harabar cocin.

Na ƙarshe da ya mutu wani ɗan ƙwadagon gona ne, Abraham Morten, ran 1 ga Nuwamba 1666. Bayan haka aka tara tufafi da shimfiɗu aka ƙone, Mompesson ya ƙone nasa har ya rage da kaɗan. A wasiƙar da ya aika wa kawunsa ran 20 ga watan ya ce garin ya zama Golgota, wurin ƙoƙon kai, kuma kunnensa bai taɓa jin kuka irin wannan ba. Stanley ya ci gaba da zama a Eyam har ya rasu a 1670, kuma har yau akwai jikokin waɗanda suka tsira a garin. Mompesson ya tashi a 1669, aka ba shi cocin Eakring a gundumar Nottinghamshire. Labarin Eyam ya riga shi isa. Mutanen Eakring suka ji tsoron yana ɗauke da cutar, suka hana shi zama a cikinsu, sai da ya yi wani lokaci a wata bukka a dajin Rufford, yana yi musu wa'azi a fili a bayan gari. Daga baya suka karɓe shi, ya yi musu limanci har ya rasu a 1709.